Mai shan tramol na buƙatar likita, kuma hankalinsa na iya dawowa

Ƴan'uwa matasa, duk mai zama fada a Maradi ya san tramol. Ɗan kabu-kabu na sha don ya kai dare bisa babur, mai aikin lambu a Jiratawa na sha don kar ya ji gajiya, a Tibiri ma zancen ɗaya ne. Wanda likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, amma na hannun masu talla yakan kai 225 ko 250. In yaro ya kamu, sai mu ce ya lalace, a kai shi kaso ko a ɗaure shi gida. To, me ke faruwa cikin kansa?

Tramol dangin kodin ne da hiroyin. Yana kama wuraren da ke kula da zafi da jin daɗi a ƙwaƙwalwa. In aka daɗe ana sha, ƙwaƙwalwa ta saba, ba ta iya zama daidai sai da shi. Ɓangaren gaba, mai yanke shawara da danne zuciya, shi ma ya raunana. Ranar da babu ƙwaya sai zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa da rashin barci. Mutum ya wuni tsakanin maye da ƙishin ƙwaya, ina zai samu natsuwar karatu ko sana'a? Ga kuma jijjiga irin ta farfaɗiya da yawan tramol ke kawowa.

Akwai magani na dogon lokaci da likitoci ke bayarwa: metadon da bufrenofin. Wuraren nan dai suke kamawa, amma a hankali, sha ɗaya ya kai mutum gobe. Ba hawa sama, ba faɗowa, ƙishin ya kwanta. Likitoci biyu, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka fara gwada metadon a New York cikin shekarun 1960. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan biyu cikin jerin magungunan dole a 2005. Senegal ta fara ba da metadon a cibiyar CEPIAD da ke asibitin Fann na Dakar a 2015.

Wasu za su ce ai musanya ƙwaya da ƙwaya ne, kuma yana dushe tunani. Mu faɗi gaskiya: a makonnin farko, kafin a daidaita awo, mutum na iya jin nauyin kai da gyangyaɗi, musamman da metadon. Gwaje-gwajen tunani sun nuna masu shan maganin kan ɗan gaza waɗanda ba su taɓa shan ƙwaya ba wajen riƙe abu a ka da saurin maida hankali, kuma wani ɓangare na wannan tabon shekarun shaye-shaye ne. Amma wanda aka daidaita wa awo yana barci, yana aiki, yana iya zama da iyalinsa. Haɗarin mutuwa kuwa yana raguwa da wajen rabi. Babban hatsari shi ne haɗa maganin da diyazefam ko giya, domin numfashi na iya tsayawa. Shi ya sa wannan aikin likita ne, kar wanda ya neme shi a kasuwa. Kuma ba kowa ke buƙatarsa shekara da shekaru ba, wani ana rage masa ne sannu a hankali har ya rabu.

Muna yaba wa jami'an OCRTIS kan ƙwayar da suke kamawa. Sai dai in ƙwaya ta yi wuya, wanda ya riga ya kamu wata zai nema. Najeriya ta hana sirof ɗin kodin a 2018, shaye-shaye bai ƙare ba.

Kiranmu ga ma'aikatar lafiya da hukumomin jihar Maradi shi ne a samar da sashen jinyar shaye-shaye mai waɗannan magunguna da ma'aikatan da suka ƙware, a kusantar da shi har likitocin Tibiri da Jiratawa. Mu kuma, in abokinmu ya ce yana son bari, mu daina yi masa dariya. Mu ɗauke shi bisa babur mu kai shi ga likita, mu zauna da shi har a kira sunansa.