Mai reno ba likita ba ce

A biranenmu, mata ma'aikata da yawa suna barin jariransu a gidan mai reno. Idan ƙuraje suka feso wa jariri ba a san dalili ba, kada mai reno ta ce zafi ne kawai, ta shafa masa abin da ta ga dama. Wajibi ne ta ware shi, ta kira uwarsa, domin dussa, wato ƙyanda, tana yaɗuwa tun kwana 4 kafin ƙurajenta su bayyana. In da masassara, ko ya ƙi nono, ko tabon bai dushe ba bayan an danna shi, a kai shi likita nan take. Sanƙarau ba ya jiran uwa ta taso daga aiki.