"Hirar Tasha Ce": Martani Ga Masu Son Direbobi Su Yi Shiru Da Zancen Juma'ar Kano

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wata magana ce da aka yaɓa a gabana a garin Ƙaraye, wadda har yau ta tsaya mini a maƙoshi. Mun je ta'aziyyar wani dattijon direban babbar mota ne, mutumin da ya shafe shekaru masu yawa yana jigilar masara da rake daga ƙauyukan Rogo zuwa kasuwannin Kano da ma kudancin ƙasar nan. Bayan an yi addu'a an shafa, sai abokan sana'arsa da suka cika tabarmi suka shiga tuna baya, har hira ta gangaro kan ranar Juma'ar nan da aka kai wa Kano hari. Kowa ya shiga faɗin inda yake a lokacin, da abin da ya ɗauko, da inda dare ya yi masa.

Ana cikin haka sai wani ɗan boko, daga cikin manyan garin da ake ji da su, ya gyara babbar rigarsa ya katse su. A ganinsa wannan duk hirar tasha ce, direba ba a raba shi da ƙarin gishiri, kuma abin da ya wuce ya wuce, tona shi fama miki ne kawai. Direbobin nan suka yi tsit, don sun saba a ce musu su yi shiru. Ni ma na yi shiru saboda darajar zaman makoki. To, yau ba a zaman makoki muke ba, don haka ga amsata gare shi da duk masu irin ra'ayinsa, kuma na san suna da yawa.

Bari mu fara tuna wa kanmu ranar. Juma'a ce, 20 ga Janairu, 2012. Kwana huɗu kacal da janye yajin aikin gama-gari da aka yi kan cire tallafin man fetur, wanda ya tsayar da kasuwanni da hanyoyi tun daga 9 ga watan. Kaya sun taru a ƙauyuka, ga lokacin rani, kayan lambu ba sa jira, saboda haka duk mai mota yana kan hanya yana neman mayar da asarar da ya yi. Wajen ƙarfe biyar na yamma bama-bamai suka fara tashi a hedkwatar 'yan sanda ta shiyya ta ɗaya da ke titin BUK, da hedkwatar 'yan sandan jiha a Bompai, da ofishin jami'an tsaro na farin kaya, da ofishin fasfo da ke Farm Centre, da wasu ofisoshin 'yan sanda, sannan harbe-harbe suka biyo baya har cikin dare. Ƙungiyar Boko Haram ta ce ita ta kai harin. Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta sa dokar hana fita ta awa 24. Daga bisani 'yan sanda suka ce mutum 185 aka kashe, 150 daga cikinsu farar hula ne.

Mai karatu, tsaya a kan adadin nan na 150. Mun san sunan ɗan jaridar gidan talabijin na Channels, Enenche Akogwu, wanda aka harbe yana bakin aikinsa, kuma ya cancanci a san shi. Jami'an da suka mutu suna da lambar aiki da fayil a ofis. To, sauran fa? Wa zai iya karanto mana sunayensu? Ɗan acaɓa nawa ne a ciki, ɗan dako nawa, yaron mota nawa? Wanda ya ce a daina hirar tasha, sai ya nuna mana kundin da ya tanada a madadinta.

Ga kaɗan daga abin da na ji a kan tabarmar nan kafin a toshe musu baki. Wani ya ce ya taso daga Ƙaraye da buhunan masara zai kai Dawanau, ya wuce Rimin Gado da Janguza lafiya, yana dab da Rijiyar Zaki ya fara cin karo da motoci suna dawowa a guje, wasu ma ta hannun da ba nasu ba. Babbar mota mai lodi ba ta juyawa kamar keke. Sai ya gangara gefen titi ya kashe inji, yaronsa ya sa waiji, suka kwana a ƙarƙashin mota cikin sanyin hunturu suna jin ƙarar bindiga daga cikin gari. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne wata tsohuwa a unguwar da ta aiko musu da tuwo da ruwan zafi, ba ta san su ba, su ma har yau ba su san sunanta ba.

Wani kuma, mutumin Zarewa, ya ce shi ta Kwanar Ɗangora ya biyo da lodin rake, ya riga ya shiga gari ya fara sauke kaya. Ya aiki yaron motarsa ya sayo wani ƙarfe a cikin gari, yaron bai dawo ba. Da aka sassauta doka ya bi asibitoci, har ɗakin ajiye gawa na asibitin Murtala inda gawawwaki suka yi yawa har a ƙasa, yana buɗe fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya sa a rana ta uku ya same shi da rai, da rauni a ƙafa. Amma ya ce fuskokin da ya buɗe ɗin nan har yau suna zo masa idan ya yi tafiyar dare. Yana cikin wannan magana aka katse shi. Marigayin da muka je wa ta'aziyya ma, an ce a Kano ranar ta same shi, kuma yana da nasa labarin. Ya tafi da shi kabari.

Yanzu mu ɗauki hujjojin malamin nan ɗaya bayan ɗaya. Ya ce direba maƙaryaci ne. Na yarda a tasha akwai ƙarin gishiri, kamar yadda yake a majalisar 'yan boko da ta 'yan siyasa. Amma maganin ƙarin gishiri shi ne a ji bakin mutane da yawa a gwada, kamar yadda alƙali yake yi da shaidu. Idan direba goma da ba su haɗa baki ba suka ce a wuri kaza aka tare hanya da ƙarfe kaza, wannan ya zama shaida. Kuma duk cikin jama'a babu wanda sana'arsa ta koya masa riƙe lokaci da wuri kamar direba. Ya san ranar da ya yi lodi, da buhu nawa, da nawa ya sha mai, da inda ya yi sallar la'asar, domin a kan waɗannan yake yin lissafi da maigidansa. Malamin namu yana cikin ɗakinsa a ranar yana murɗa rediyo. Abin da ya sani duk ji ne, su kuwa gani suka yi, kuma Bahaushe ya ce gani ya kori ji.

Ya ce kuma tuna abin fama miki ne. Ina so in tambaye shi, mikin wa? Wanda ya kwana a ƙarƙashin mota shi ne mai mikin, kuma shi ne yake son ya yi magana. Ba a taɓa jin mai ciwo yana nishi, mai lafiya ya ce masa ya daina don yana damunsa ba, sai a wurinmu. Ni a ganina abin da ke damun manyanmu shi ne, hirar direba ba ta tsayawa a kan bam. Tana wucewa zuwa abin da ya biyo baya, watau watanni da shekarun da aka cika hanyoyi da shingaye, aka mai da duk mai babbar mota abin zargi. A sa mutum ya kwance tamfol a tsakiyar rana, a caccaka buhunansa, tumatirin talakawa ya ruɓe a layi, sannan ya miƙa na goro kafin a ɗage masa itace. Wanda ya yi gardama ya sha tsallen kwaɗo a gaban yaronsa. Ba na musun cewa bincike ya zama dole a wancan lokaci. Abin da nake cewa shi ne, mutumin da ya ci gaba da kawo wa birni abinci alhali kowa na tsoron fita, ya fi ƙarfin a saka masa da wulaƙanci, sannan a hana shi ko faɗi.

Kada kuma a manta cewa tasha da hanya su ne wuraren da maharan suka fi samun sauƙin kai wa. Ranar 18 ga Maris, 2013 aka tayar da bam a tashar manyan motocin fasinja da ke New Road a Sabon Gari, mutane fiye da 20 suka mutu. A watan Satumba na shekarar aka tare hanya a Benisheik tsakanin Damaturu da Maiduguri, aka kashe matafiya fiye da 140. Ranar 14 ga Afrilu, 2014 sai tashar Nyanya a gefen Abuja, mutum fiye da 70. Ranar 24 ga Fabrairu, 2015 aka kai hari tashar Kano Line da wata tasha a Potiskum a yini ɗaya. A kowanne daga cikin waɗannan, direba da yaronsa da ɗan kamasho da mai shayi su ne a sahun gaba.

Wanda ya fi nuna illar raina bakin direba shi ne na Auno, kusa da Maiduguri, a daren 9 ga Fabrairu, 2020. An saba rufe ƙofar shiga gari da ƙarfe biyar na yamma, duk motar da ta makara sai ta kwana a waje. A daren nan aka auka wa matafiya suna barci a motocinsu, aka kashe aƙalla mutum 30, aka ƙona motoci 18, cikinsu har da manya masu ɗauke da kayan abinci, aka kuma sace mata da yara. Gwamna Babagana Zulum da ya je wurin washegari ya fito fili ya koka da yadda aka bar mutanen nan ba tsaro. Shin sai an yi digiri kafin a gane cewa jera motoci a bayan rufaffiyar ƙofa cikin daji tarko ne? Duk direban da ya taɓa kwana a wurin ya san haka. Da a ce muna da al'adar zama da mutanen nan mu saurare su, da an ji wannan gargaɗi tun kafin a ji shi daga bakin gwamna a kan toka.

Akwai masu cewa tunawa da matattu irin wannan al'adar Turawa ce. Gaskiya ne a Amurka duk shekara ana karanta sunayen mutum kusan 3,000 da suka mutu a harin 11 ga Satumba, 2001, an kuma zana sunayen a wurin da abin ya faru. Ni ban ce a gina gunki ko a ajiye furanni ba. Amma riƙe suna da riƙe labari namu ne tun fil azal. Kakanninmu da abin da ya faru suke ƙirga shekaru, shi ya sa har yau ake ambaton yunwar Kakalaba, kuma dattawan Kano suna auna shekarun 'ya'yansu da rikicin Maitatsine na 1980. Mawaƙanmu ma ba su raina mutanen hanya ba: Mamman Shata ya yi wa Bawa Direba waƙa, Ɗanmaraya Jos ya yi Waƙar Karen Mota. Su da ba su shiga aji ba sun ga darajar mutanen nan, sai mu da muka yi karatu ne za mu ce bakinsu bai isa a ji ba?

Abin da nake nema ba ya bukatar kwangila. Ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta masu motocin haya ta NARTO suna da rassa a tashoshinmu, kuma ba su taɓa kasa rubuta sunan wanda bai biya kuɗin tikiti ba. To, su sayi babban littafi ɗaya a Ƙaraye, ɗaya a Rogo, su rubuta sunan duk direba da yaron mota na yankin nan da ya rasa ransa ko lafiyarsa ko motarsa a hare-haren nan, da rana da wuri. Masarautar Ƙaraye, wadda dokar 2024 ta bar mata ƙananan hukumomin nan biyu, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane gida daga Yammedi har Fulatan, su taimaka a tantance. Samarinmu da ke yawo da waya mai ɗaukar murya su zauna da dattawan nan bayan sallar isha'i su naɗi abin da za su faɗa, da yardarsu, a ajiye. Daga littafin nan ne za a san marayun da ya kamata a tuna da su lokacin zakka, daga muryoyin nan kuma 'ya'yanmu za su san abin da aka yi a ƙasarsu.

Yaron da aka haifa a daren Juma'ar nan yanzu ya zama saurayi, bai san komai a kai ba sai abin da aka gaya masa. Direbobin da suka gani kuwa suna ta raguwa, wasu hatsari, wasu ciwo, wasu tsufa. Shi kuma malamin da ya katse hirar, ina yi masa fatan alheri, ina kuma ba shi shawara ya koma wurin mutumin Zarewan nan ya ba shi haƙuri, ya roƙe shi ya ƙarasa labarin da ya fara. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya tsare na kan hanya, Ya kai kowa gida lafiya.