Wasa da Barci a Ɗakin Kwana

Ya ku ɗalibai, wata sabuwar al'ada ta shigo ɗakunan kwananmu bana, mu malamai kuwa ba za mu yi shiru ba. Yaro yakan kwanta kamar gawa, ko yatsa ba ya motsawa, yana ƙidaya a zuci, wai jiki ya yi barci hankali ya zauna a farke, domin ya shiga mafarki yana sane mafarki yake yi. Waɗansu har sukan tashi da ƙarfe 4 na asuba su sake kwanciya don neman abin.

Waɗansu iyaye a ikkilisiya sun ce maita ce. Ba mu yarda ba. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, ya yi rubutu a kan irin wannan mafarki tun 1913. A 1975 kuma Keith Hearne na Jami'ar Hull a Ingila ya sa wa wani mutum na'ura yana barci, mutumin ya juya idanunsa hagu da dama yadda suka shirya tun farko, alamar yana sane. Aikin ƙwaƙwalwa ne da Allah ya halitta. Amma kada wani ya kira shi wahayi. Fir'auna bai kwanta yana ƙidaya ba kafin ya ga shanun da Yusufu ya fassara masa. Mafarkin ne ya zo masa.

Damuwarmu dannau ne. A lokacin mafarki gaɓoɓi sukan saki, don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wanda ya hana hankalinsa barci, sau da yawa a nan yake tsintar kansa: idonsa biyu, ƙirji ya yi nauyi, ga inuwa a bakin ƙofa, murya ta ƙi fita. Ba ya kisa, cikin 'yan mintoci yakan wuce. To, amma ku tuna da waɗanda ke kwana kusa da ku. Muna da 'yan Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan Kaura Namoda da suka taɓa kwana a daji saboda 'yan bindiga. Ihu ɗaya da tsakar dare ya isa ya watsa ɗaki, wani ya karye garin tsallaka taga.

Likitoci sun ce matashi yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Mu da muke koyar da darasin farko na safe mun san masu gyangyaɗi da sunayensu.

Wanda mugun mafarki iri ɗaya yake ta komo masa, maganarsa dabam ce. Masana sukan sa irinsa ya zauna da rana tsaka, ya sake wa mafarkin ƙarshe mai daɗi, ya riƙa maimaita shi a zuci, mutane da yawa kuwa sun sami sauƙi. Mai wannan damuwa ya sami malamin ɗakin kwanansa ko fasto bayan addu'ar yamma, za mu zauna da shi.