Lambar da ba ta ɓacewa: wa zai riƙe mana ita?



A ƙarshen 2023 OkadaBooks ta rufe shago. Marubutanmu da dama sun sayar da littattafansu a can, sun kuma raba adireshin shafukansu a Facebook da WhatsApp. Yau duk wanda ya latsa adireshin nan, wayam. Haka ta faru da Yahoo Groups a Disambar 2020, da Google+ a 2019. Adireshin intanet kwatancen gida ne kawai: mai gida na tashi, kwatance ya tashi a banza.

Maganin da masana suka samar shi ne lambar dindindin. Ana ba rubutu lamba ɗaya tilo, sannan wata na'ura ta riƙe rajistar inda yake a halin yanzu. In ya sauya mazauni, sai a gyara rajistar, lambar kuwa tana nan yadda take. Tsarin Handle, wanda cibiyar CNRI ta Robert Kahn ta ƙirƙiro a Amurka, shi ne ginshiƙin abin. A kansa aka ɗora DOI, lambar nan mai farawa da 10 da kuke gani a kan muƙalun malaman jami'a.

To, wani zai ce tun da manhajar Handle kyauta ake sauke ta, me zai hana mu ɗora ta a kwamfutar ƙungiya mu riƙa buga wa kanmu lambobi? Ni ban goyi bayan haka ba, ga kuma dalilina.

Ɗora manhajar ba shi ne jidali ba. Mai ilimin kwamfuta zai sa Java, ya girka manhajar, ya yi rajistar lambar farko ta ƙungiya, ya gama cikin ɗan lokaci. Bayan nan ne aikin yake. Ana biyan kuɗin rajistar duk shekara. Dole na'urar ta kwana ta wuni a kunne da intanet, a ƙasar da kowa ya san halin wutarta. Dole a sami mai gyara rajista duk sanda littafi ya koma wani shafi. Yanzu mu faɗa wa kanmu gaskiya: ƙungiyoyi nawa muka gani sun dare biyu bayan zaɓe? Sakatare nawa ya tafi da kalmar sirrin shafin ƙungiya? Ranar da na'urar ta mutu, lambobin za su mutu tare da ita, mu koma gidan jiya. Ashe dindindin ɗin alƙawari ne na mutane, manhaja ba ta iya cika shi ita kaɗai.

Shawarata biyu ce. Ta farko, ƙungiyoyinmu su nemi ɗakunan karatu na jami'o'i. Da yawansu suna da rumbun ajiya na DSpace, manhajar da MIT da HP suka fitar a 2002, wadda ke tafe da tsarin Handle a cikinta. Mu roƙi a buɗe wa adabin Hausa sashe, a kuma rubuta yarjejeniya. Jami'a ta fi kowane shugabancin ƙungiya tsawon rai.

Ta biyu, mai nazari ko muƙala kan adabi ba sai ya jira kowa ba. Rumbun Zenodo, wanda cibiyar CERN ta buɗe a 2013, yana ba da DOI kyauta. Kana iya kulle fayil ɗinka, a ga sunanka da take da kwanan wata kawai.

Sai dai a kula, lambar ba ta hana satar fasaha, ba ta kuma maye gurbin ISBN da Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa ga littafin bugawa. Amfaninta shi ne ɗalibin da zai yi nazarin littafinki nan da shekara 20 ya same shi, da sunanki a kai, ba da sunan wadda ta kwafe shi ta watsa a guruf ba.

Waɗanda ke kusa da shugabannin ƙungiyoyinmu, don Allah ku kai wannan magana taro na gaba. Masu wani ra'ayin kuma, ga fili nan a ƙasa. Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.