In Ajiye Bakan Kakana In Ɗauki Na Turawa?

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina roƙonku ku ba ni kunnenku kaɗan a kan wata magana da ta hana ni barci tun hutun da ya wuce.

Sa'ad da kakana ya rasu, abin da ya zo hannuna cikin kayansa shi ne baka da kwari. Bakan na itace ne, ya yi baƙi don shan mai da gumin hannu, tsirkiyarsa ta fata, kibau kuwa na kyauro masu bakin ƙarfe, ba gashin tsuntsu a gindinsu. Da shi na koyi harbi a bayan duwatsun ƙauyenmu, da shi kuma na ke fita farautar rani tare da samari. To, ran nan na je Jos, wani abokina ya miƙa mini bakan da ɗan'uwansa ya aiko masa daga Ingila, irin mai lanƙwasassun kunnuwa, da ɗan ƙarfen saiti a gefe. Na harba kibiya shida, biyar suka taru wuri guda kamar an dasa su da hannu. Na komo makaranta zuciyata ta rabu biyu. Ya ce in ina so zai sa a kawo mini irinsa, amma kuɗin ya kusa cinye abin da na tara don kuɗin makarantar ƙanena.

Ba zan ɓoye muku ba, bakan nan ya fi namu daidai. Dalilinsa a fili ya ke. An ƙera shi da awo, kowace kibiya nauyinta ɗaya da na 'yar'uwarta, ga gashi a gindi mai hana ta karkata. Namu kuwa kowace kibiya da halinta, sai maharbi ya san su ɗaya ɗaya kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. A wasannin Olamfik, inda aka komo da harbin baka a Munich cikin 1972, daga nisan mita 70 a ke harbi, tsakiyar abin bara kuwa faɗinsa santimita 12 ne da ɗan ɗori, watau bai fi bakin ƙaramar ƙwarya ba. Wanda ya ce zai je can da kibiyar kyauro, wasa ya ke yi.

Akwai ma wani iri mai ƙafafun gargare a kunnuwansa, wanda wani Ba'amurke, Holless Wilbur Allen, ya sami takardar mallakar ƙirarsa cikin 1969. In ka ja shi har ƙarshe sai fiye da rabin nauyin ya sauka daga hannunka, ka tsaya ka auna bara a natse. Wannan kam ban ko sa shi cikin lissafi ba, gama in tsirkiyarsa ta tsinke sai da wata na'ura ta musamman a ke sa masa sabuwa. Ina zan same ta a ƙauyen da zan je koyarwa?

Nan ne fa maganar ta ke. Mu malamai ba a cikin Jos yawancinmu za mu zauna ba. Za a tura mu Pankshin, ko Mangu, ko wani ƙauye a bayan Bokkos. In kibiyar Turawa ta bugi dutse ta tsage, ta tafi ke nan, sai an aika ƙasar waje da kuɗi masu ciwo, duwatsu kuwa ba su ne mu ka rasa a ƙasarmu ba. In tawa ta karye, fadama na nan da kyauro, maƙeri na nan a bakin kasuwa. Yaran ajina talatin ko arba'in, kowannensu zai iya samun baka irin nawa kafin mako ya ƙare. Baka guda na Ingila kuwa sai dai su yi layi su taɓa shi, malam yana tsaye yana zare ido kada a ɓata masa dukiya. Wane irin koyarwa ke nan?

Waɗansu tsofaffi za su yi murna da jin haka, su ce ai da ma da tsohuwar zuma a ke magani. Ni ban tafi tare da su har can ba. A Burmi cikin 1903 masu baka sun tsaya gaban bindigogin Turawa, kowa kuwa ya san yadda ta ƙare. Ƙin sabon abu don sabo ne kawai wauta ce. Amma ku dubi mutanen Koriya ta Kudu. Ƙungiyar matansu ta ci zinariya a harbin baka a kowane Olamfik tun daga 1988 har 2024, sau goma a jere, da bakan zamani. Duk da haka ba su jefar da bakan kakanninsu na ƙaho ba, suna da filayensa inda a ke harbi daga mita 145. Ashe ba dole sai an binne ɗaya kafin a ɗauki ɗayan ba. Abin da na ke tsoro shi ne ranar da ɗan Berom ko ɗan Ngas ba zai ga bakan kakansa ba sai a gidan ajiye kayan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa cikin 1952, a bayan gilashi.

Akwai kuma wani abin kunya da ya kamata in faɗa. Kibiyar nan ta shida da ta kauce a Jos, ba laifin baka ba ne. Na saki tsirkiya da gaggawa, kamar yadda na saba, abin da kakana ya sha duka bayan hannuna a kansa. Sabon baka bai warkar da ni ba, ya dai rufa mini asiri sau biyar.

Saboda haka na rubuta wa abokina na ce ya dakata. Kuɗin ya tafi ga makarantar ƙanena. In wani yaro ya fito daga ajina mai ido da natsuwa, wanda ya ke so ya shiga gasa, sa'an nan zan bi iyaye da hukumar makaranta mu haɗa kuɗi a saya masa na zamani, mara nauyi, kamar fam 20, don kada kafaɗarsa ta lalace. Kafin nan, ran Asabar zan je wurin wani dattijo a ƙauyenmu wanda ya ke murza tsirkiya, gama tawa ta soma saɓulewa, kuma ina so in ga yadda a ke yinta da idona.