Daga Lawanti Zuwa Jidda Mil Nawa Ne?

Ran nan ina cikin koyarwar gwaji, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe Makka kusa take? Babana ya tashi daga Lawanti da safe, kafin magariba ya bugo waya daga can." Yara suka yi dariya. Ni kuwa kunya ta kama ni, don laifin namu ne, mu malaman Labarin Ƙasa.

Tsakanin filin jirgin sama na Lawanti, nan bayan Gombe, da na Sarki Abdul'aziz a Jidda, wajen mil 2,030 ne in an miƙe sak, watau kilomita 3,270. Amma in ka rubuta wannan a allo yaro ya haddace, me ka koya masa? Gwamma ka ce masa kamar ya je Bauci sau ashirin ne. Sa'an nan ka ɗauko taswirar duniya ta ƙwallo da zare, ka sa shi ya dafe bakin zaren a Gombe, ɗaya bakin a Jidda, ya faɗa maka abin da ke ƙarƙashi. Zai ga Barno, da ƙurewar Kamaru, da Cadi, da hamadar Sudan, da Kogin Nilu, sa'an nan Bahar Maliya. In ya raba milolin da 500, gudun jirgi a awa ke nan, zai sami awa huɗu da 'yan kai. Ga Lissafi ya shigo ba a gayyace shi ba.

To, 'yan'uwana malamai, waɗannan ƙasashe da zare ya rufe su ne ainihin darasin. Kakanninmu da ƙafa da jaki suka ratsa su, ta Wadai da Darfur har Sawakin, suna tsayawa su yi noma ko ƙodago su sami guzuri. Wani sai ya shekara bakwai bai komo ba, wani ko labarinsa ba a sake ji. A 1903 Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas, Turawa suka kashe shi a Burmi, nan ƙasar Gombe. Sauran jama'arsa suka wuce tare da ɗansa, suka zauna a Mai Wurno a Sudan, zuriyarsu na can har yau. Yaro nawa ne a ajinka ya san wannan?

Kada kuma wani ya ce jirgin sama ba ruwansa da ƙasa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023 aka rufe samaniyarta, tilas jiragen alhazanmu suka yi zagaye. Tafiya ta ƙara tsawo, aka ƙara shan mai, har kamfanonin suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane alhaji. Milolin da ke cikin littafi ba su sāke ba, amma alhazai sun ji a aljihu.

Na san wani zai ce makarantarsu ba ta da taswirar ƙwallo. Ni ma tamu ba ta da ita. Ƙwarya biyu na haɗa baki da baki, na zana Afirka da Arabiya da alli, yaron nan kuwa shi ya riƙe zaren.