ALGUS A MUDUN INTANET

Ya ku 'yan uwana mata, duk mun san algus irin na kasuwa: a lotsa gindin mudu, ko a jera manyan dankali a bakin buhu, ƙanana na ƙasa. To yau ga wani sabon algus ya shigo mana har tsakar gida ta cikin waya, kuma ni dai ba zan yi shiru a kansa ba.

Daga Bebeji zuwa Kiru, daga Tudun Wada zuwa Doguwa, mata sun tashi tsaye da neman na kansu. Wata na turara shinkafa, wata na busar da kifin Tiga, wata na haɗa turaren wuta da humra. Sai wani matashi ya ɓullo da kwamfuta a jaka, ya ce: "Hajiya, a buɗe miki shafin intanet, har daga Ingila za a riƙa sayen kayanki." Haba malam! Matar da masu sayen kayanta ba su wuce Kwanar Ɗangora da birnin Kano ba, me ya haɗa ta da Ingila? Manhajar WhatsApp Business ta fito tun 2018, kyauta ce, ana jera hotunan kaya da farashinsu a ciki. Mai tsoron Allah zai ce, "Wannan ta ishe ki yanzu, riƙe kuɗinki ki ƙara jari." Macuci kuwa ba zai taɓa faɗa ba.

Ga kuma abin da suke ɓoyewa. Shafin intanet tamkar shagon haya ne. Sunan shafin haya ake kama shi, ana sabuntawa duk shekara, haka ma wurin da ake ajiye shi. Sunayen da ke ƙarewa da .ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, kuma akwai gurbin da ake rubuta sunan mai shafi. To sai ki ga yaron ya rubuta nasa sunan, ya riƙe lambar sirri. Shekara na zagayowa shafi ya mutu, a neme shi ya yanka kuɗi yadda ya ga dama. Ki biya, ko ki rasa sunan da kika buga a leda da kwali. Yaya za a yi shago ya zama naki, makulli na aljihun wani?

Sai batun inganci. Wasu zanen shafin wani suke kwafowa, su cusa hotunan kayan da ba naki ba, su cika shi da kwalliya mai nauyi. A ƙauyukan da ke kewayen dajin Falgore, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wa zai tsaya jiran irin wannan shafi ya buɗe? Ga data ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Sannan idan mai saye ya ga kaya sun saɓa da hoto, ke za a kira maƙaryaciya, ba shi ba.

Mu ma mata sai mun gyara. Idan an samu yaron kirki mai aiki tsakani da Allah, kada a ce "ai danne-danne ne kawai" a tauye masa haƙƙi. Kamar tela yake, ya ɓata lokaci ya koyi sana'arsa. Araha ba ta ado.

Don haka 'yar uwa, a daina cinikin biri a sama. Kafin ki ba da ko sisi, a rubuta a takarda gaban maigida ko wani shaida: nawa ne kuɗin aiki, nawa ne na shekara, wa zai gyara in ya lalace. A yi rajistar da sunanki da lambar wayarki, lambar sirri ta zauna a hannunki. Ki buɗe shafin a ƙaramar wayarki ki gani da idonki kafin ki cika kuɗi.

Ku kuma samari masu wannan sana'a, ku tuna sura guda aka saukar da sunan masu tauye mudu. Jarin da kuke wawura na marayu ne da na adashe. Ku ji tsoron ranar da za a auna muku da mudun da kuka auna.

Allah Ya ba mu halal, Ya tsare mu da cin haƙƙin wani, amin.